Wane Ne Maƙwabcinmu a Hanyar Batsari?

Karatu: Markus 12:28-34; Luka 10:25-37; Littafin Firistoci 19:9-18

Tun farkon shekarar 2025 babu maganar da ta kai ta sulhu yawa a bakin mutanen yammacin Jihar Katsina. Batsari tana cikin ƙananan hukumomin da suka fara zama da shugabannin 'yan bindiga a watan Janairu na shekarar, daga baya Jibiya da Ɗanmusa da Safana da wasu suka bi sahu. An sako waɗansu daga cikin mutanen da aka sace, an miƙa waɗansu bindigogi, aka kuma yarda mutanen daji su riƙa shigowa kasuwa, manoma su kuma su je gonakinsu ba tare da an taɓa su ba. Waɗansu suna godiya domin sun samu barci. Waɗansu kuma suna cewa ai an taɓa yin irin wannan a baya, bai kuwa daɗe ba.

A cikin wannan muhawara ta jama'a, ikkilisiya tana da tambayar da ta shafe ta kai tsaye. Ubangijinmu ya ce dukan Shari'a da Annabawa suna rataye a kan umarni biyu, ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci. To, mene ne waɗannan umarnai suke nema daga gare mu a ƙasar da kusan dukan waɗanda aka kashe, da waɗanda aka kora daga gidajensu, da ma waɗanda suka yi kisan, ba mabiyan Almasihu ba ne?

Abin da ƙasar Ruma da Safana ta sha

Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, wanda ya miƙa har cikin Jihar Zamfara. Rikicin da ya ci yankin ya daɗe yana tsima. An cinye burtali da makiyaya da noma. Satar shanu ta yi yawa. Makiyaya da yawa sun yi kukan cewa ba a yi musu adalci idan ƙara ta haɗa su da manomi. 'Yan sa-kai suka tashi domin kare garuruwansu, amma a wurare da dama suka kashe Fulanin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Makamai kuma suka yi ta kwararowa ta Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Daga baya abin ya zarce ramuwar gayya, ya zama sana'a: satar mutane don kuɗin fansa, da ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su yi shuka ko girbi.

A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji da ke ƙasar Batsari, har mutanen yankin suka ɗauko gawawwakin zuwa birnin Katsina domin hukuma ta gani da idonta. A ranar 14 ga Fabrairu 2020 aka afka wa Tsauwa da Dankar, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 30, da yawansu tsofaffi da yaran da ba su iya gudu ba. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, amma ya wargaje, daga baya shi kansa ya ce ba zai sake ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, aka rufe kasuwannin dabbobi. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar.

Bayan waɗannan ranaku akwai mutane. Akwai matan da suka kwana a makarantu da kangaye a cikin garin Batsari da Katsina. Akwai waɗanda suka tsallaka iyaka: a 2019 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da mutum 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun fake a Jihar Maraɗi ta Nijar. Gonar da ba a noma ba kuwa yunwa take haifarwa. Ƙungiyar likitoci na-gari na-kowa, MSF, ta ce yara 652 ne suka mutu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025.

Umarni biyu da ba a raba su

Sa'ad da malamin Attaura ya tambayi Yesu umarnin da ya fi duka, tambaya ɗaya ya yi, amma amsa biyu ya samu. Yesu ya ɗauko ta fari daga Maimaitawar Shari'a 6:4-5, cewa Allah ɗaya ne, don haka ƙaunar da za a ba shi kada ta zama rababbiya: zuciya, rai, tunani da ƙarfi duka nasa ne. Ya ɗauko ta biyu daga Littafin Firistoci 19:18, cewa mudun da mutum yake auna wa kansa alheri, da shi zai auna wa maƙwabcinsa. Manzo Yahaya ya ƙara ɗaure su a 1 Yahaya 4:20, inda ya nuna cewa mutumin da yake ƙin ɗan'uwan da yake gani, da'awarsa ta ƙaunar Allahn da bai gani ba ƙarya ce.

Ya kamata mu lura da inda umarni na biyu ya fito. Littafin Firistoci 19 ba maganar abin da mutum yake ji a zuciya yake yi ba. Maganar gona yake yi, da kotu, da kasuwa. Ya ce a bar wa matalauci da baƙo kala a gona. Kada a riƙe hakkin ɗan ƙodago har gari ya waye. Kada alƙali ya dubi fuskar mai kuɗi ko ta talaka. Kada mutum ya yi yawon gulmar da za ta jawo zubar da jinin maƙwabcinsa. Kada a yi ramuwa, kada a riƙe ƙullaci. Duk wanda ya san yadda rikicin Dajin Rugu ya faro zai ga cewa kusan kowace aya a nan ta taɓa wurin da ciwon yake. A aya ta 34 ta wannan sura kuma aka faɗaɗa umarnin ya haɗa da baƙon da ba na jama'ar Isra'ila ba.

Me ya sa ƙaunar Allah ta zo da fari? Domin a lokacin masifa akwai abin da yake neman kujerar Allah a zuciyar mutum, shi ne tsoro. Tsoro yakan sa mutum ya ƙuntata da'irar waɗanda ya damu da su: daga gari zuwa unguwa, daga unguwa zuwa majami'a, daga majami'a zuwa ɗakinsa. Zuciyar da tsoro ya cinye rabinta ba ta da abin da za ta ba baƙo. Amma wanda ya san ransa yana hannun Allah, ya kuma san cewa Allah ya ƙaunace shi tun yana maƙiyinsa, kamar yadda Romawa 5:8-10 ta koya, shi ne yake da 'yancin buɗe hannu.

Gawar wa muke ƙirgawa?

A ƙarshen Oktoba na 2025 Shugaba Donald Trump na Amurka ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake damuwa da su game da 'yancin addini, yana cewa ana kashe Kirista. Tun daga nan muhawara ta kaure a rediyo da Facebook, kowane ɓangare yana lissafa matattunsa. Babu mai bi da zai yi musun jinin 'yan'uwanmu da aka zubar. Abin da ya faru a Yelwata ta Jihar Binuwai a watan Yuni na 2025, inda aka kashe fiye da mutum ɗari a dare ɗaya, gaskiya ne, haka kuma abin da Filato da kudancin Kaduna suka sha. A nan Jihar Katsina ma, a watan Janairu na 2023 an shiga wata majami'a a ƙasar Ƙanƙara ana cikin sujada, aka kwashe masu ibada.

Amma watanni biyu bayan Yelwata, a ranar 19 ga Agusta 2025, aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau da ke ƙasar Malumfashi, aka kashe gommai. Kaburburan 'Yar Gamji da Tsauwa na Musulmi ne. Jarabar da ke gaban kowace ikkilisiya a irin wannan lokaci ita ce ta riƙe littafi biyu, na matattun da ake yi wa kuka da na matattun da ake ji a labarai kawai. Farawa 1:27 bai bar mana wannan damar ba. Manomin da aka harbe da fartanya a hannunsa a cikin siffar Allah aka halicce shi, daidai da faston da aka sace. Idan muna so duniya ta ji kukanmu, mu zama mutanen da aka sani da jin kukan kowa.

Basamariye da hanyar Yariko

Hanyar da ta tashi daga Urushalima zuwa Yariko wajen kilomita 27 ce, gangare ce mai duwatsu, an kuma san ta da 'yan fashi. Mutanen Batsari da Safana ba su bukatar a yi musu bayanin irin wannan hanya. Sun san yadda direba yake tambaya a tasha ko hanya da kyau kafin ya ɗauki fasinja. Saboda haka kada mu yi saurin zargin firist da Balawin da suka ratse suka wuce. Wataƙila sun yi tunanin da kowa zai yi, cewa waɗanda suka yi wannan aika-aika ba su yi nisa ba.

Abin da ya girgiza masu sauraron Yesu shi ne wanda ya tsaya. Yahudawa da Samariyawa sun daɗe ba sa ga maciji da juna, a kan addini da asali. A sura ta 9 ta Luka, wadda take gaba da wannan misali, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, har Yakubu da Yahaya suka nemi a saukar musu da wuta, Yesu kuwa ya tsawata musu. Sai ga shi ya ɗauki mutumin wannan kabila ya mai da shi abin koyi. Basamariyen bai tambayi addinin wanda aka sara ba. Ya ba da mansa, da dabbarsa, da darensa, da dinari biyu, wato ladan aikin yini biyu, ya kuma ɗauki alkawarin biyan abin da ya ƙaru. Malamin ya tambayi wane ne maƙwabcinsa domin ya san inda iyakar alhakinsa take. Yesu ya juya tambayar, ya tambaye shi wane ne ya zama maƙwabci ga wanda ya faɗi.

A ƙasarmu ma an ga irin wannan. A ranar 23 ga Yuni 2018, sa'ad da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara fiye da tamanin, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Mun yaba masa, ya kuma cancanci yabo. Amma ƙarshen misalin umarni ne ga mai sauraro ya je ya yi haka. A Filato mu ne muke kwance a bakin hanya. A Batsari da Safana, maƙwabtanmu Musulmi ne suke kwance, mu ne kuma masu wucewa.

Wannan ba sabon aiki ba ne gare mu. Duk wanda ya fita daga Katsina ta hanyar Batsari zai wuce Babbar Ruga. A ƙarshen shekarun 1930 ne mishan ta SIM ta karɓi kula da kutare a can, kamar yadda ta yi a Yadakunya kusa da Kano da Amanawa a ƙasar Sakkwato. Yawancin waɗanda aka wanke wa miki a wuraren nan Musulmi ne. A ƙasar Hausa, mutane da yawa sun fara ganin bishara a hannun mai ɗaure miki kafin su ji ta a bakin mai wa'azi.

Sulhu, gafara da adalci

Tambaya mafi wuya ita ce ta wanda ya yi kisan. Sulhu ya dawo da shi kasuwa. Matar da aka kashe wa miji tana iya ganinsa yana cinikin hatsi. Yesu ya umarce mu a Matiyu 5:43-48 mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a, bai kuwa cire kowa ba. Wannan yana nufin aƙalla abu uku. Ba mu da izinin ramuwa da hannunmu, kamar yadda Romawa 12:19 ta faɗa. Ba mu da izinin ɗora laifin ɗan bindiga a kan kabilarsa, domin Fulani makiyaya da yawa sun rasa shanunsu da 'ya'yansu a hannun 'yan bindigan nan, waɗansu kuma a hannun 'yan sa-kai. Kuma dole mu so tubarsa fiye da mutuwarsa, gama Ezekiyel 18:23 ya nuna Allah kansa haka yake so. Da yawa daga cikin masu riƙe da bindiga a dajin nan samari ne da ba su taɓa shiga aji ba, ko na boko ko na allo.

Amma ƙaunar maƙiyi ba ta share hakkin wanda aka zalunta. Manzo Bulus da ya hana ramuwa a sura ta 12, shi ne ya ce a sura ta 13 hukuma tana riƙe da takobi domin hukunta mai mugunta. Annabi Irmiya ya la'anci shugabannin da suke ɗaure babban rauni sama-sama, suna shelar salama alhali babu ita (Irmiya 6:14). Sa'ad da Zakka mai karɓar haraji ya tuba a Yariko, alamar tubarsa ita ce mayar da abin da ya ƙwace har ninki huɗu.

Saboda haka muna maraba da duk ranar da ba a zubar da jini ba, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ba za mu raina dattawan da suka shiga daji da ransu a hannu domin jama'arsu su yi noma ba. Duk da haka akwai tambayoyin da ƙauna ta wajabta mana mu yi wa hukuma. Bindigogi nawa suka rage a daji? Idan an daina kai hari a ƙaramar hukumar da ta yi sulhu, an koma maƙwabciyarta ne? An daina karɓar haraji a gona? Wa ya tambayi gwauraye da marayu kafin a yafe a madadinsu? Ina makaranta da asibiti da ruwan sha da burtalin da za su hana ƙarni na gaba komawa daji? Sulhun 2019 ya koya wa kowa cewa alkawarin da ba a gina kome a kansa ba, ba ya kai damina biyu. Gafara kuma ba a tilasta ta. Kada mai wa'azi ya ɗora wa wadda take cikin takaba nauyin yafewa kafin ya zauna ya yi kuka tare da ita.

"Mu ma ai 'yan kaɗan ne"

Wani ɗan'uwa zai ce mu tsiraru ne a wannan yanki, mu ma an sace namu, akwai kuma wuraren da ko filin gina majami'a yake yi mana wuyar samu. Wannan gaskiya ne, Galatiyawa 6:10 ma ta ce a fi ba 'yan'uwa masu bi kulawa. Amma ayar ta fara da yi wa kowa da kowa alheri. Ikkilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya yaba a 2 Korantiyawa 8 suna cikin tsananin talauci sa'ad da suka roƙa a bar su su ba da taimako. A surar nan ta Markus 12 da muka karanta, bayan maganar umarni mafi girma, Yesu ya nuna wa almajiransa gwauruwar da ta jefa 'yan anini biyu, ya ce ta fi kowa bayarwa. A shekara ta 362, Sarki Yuliyanus na Roma, wanda ya yi ƙoƙarin maido da bautar gumaka, ya yi gunagunin cewa Kirista suna ciyar da matalautansu, suna kuma ciyar da na waɗanda ba Kirista ba. Ƙarancin yawa bai taɓa zama uzuri ba.

Abin da ke hannunmu

Ikkilisiyoyin Katsina, Dutsinma, Malumfashi, Funtuwa da sauransu suna iya ware wani kaso na hatsin godiyar kaka domin 'yan gudun hijira da waɗanda suke komawa ƙauyukansu, musamman iri da taki kafin damina. A bi ta hannun mai unguwa ko dagaci da limamin gari, domin sun san wanda ya fi bukata. A bayar ba tare da sharaɗi ba, ba tare da ɗaukar hoto ba. Taimakon da aka mai da shi tarkon jawo mutum ga addini ya daina zama ƙauna, ya zama ciniki.

Idan aka yi rashi a gidan maƙwabci, dattawan ikkilisiya su je ta'aziyya, ko da zama ne kawai za su yi. Zumuntar mata tana iya kusantar matan da suka dawo daga hannun 'yan bindiga, waɗanda sau da yawa tsangwama take jiransu a gida. Matasa suna iya ba da jini a asibiti. Ma'aikatan lafiya da malaman makaranta na cikinmu da aka tura waɗannan yankuna su riƙe aikinsu a matsayin hidima ga Ubangiji, ikkilisiya kuma ta riƙa tambayar lafiyarsu. A yi kome da hikima da shawarar mutanen wuri, gama ƙauna ba ganganci ba ce.

Akwai kuma abin da za mu ƙi. Kada mai bi ya sayi dabbar da arhar ta ta nuna ta sata ce. Kada ya sayar wa daji mai ko ƙwaya, kada ya zama ɗan leƙen asirin masu satar mutane ko nawa aka ba shi. Kada ya tura bidiyon gawawwaki a WhatsApp da kalaman zagin wata kabila ko addini. A kan bagadi kuma, sa'ad da ake addu'a domin waɗanda aka sace, a ambaci sunayen Batsari, Ruma, Wagini, Safana da Runka kamar yadda ake ambatar garuruwan da 'yan'uwanmu suka fi yawa.

Mu yi addu'a

Ya Ubangiji Allah, kai ɗaya ne, babu wani sai kai. Ka haɗa zukatanmu wuri ɗaya su ƙaunace ka, kada tsoro ya raba su. Ka ta'azantar da gwauraye da marayun Batsari da Safana, ka komo da waɗanda suke tsare a daji da waɗanda suke gudun hijira. Ka ba gwamna da sarakuna da jami'an tsaro hikima da adalci. Ka juyo da zukatan masu riƙe da bindiga zuwa tuba ta gaskiya. Ka sa mu zama maƙwabta ga duk wanda muka tarar a bakin hanya. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.